Mai riƙe wa Alhaji fej, wa ya tsaya masa?

Salam jama'a, barkanmu da war haka.

Akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai game da sana'ar da nake ci da ita, wato magana da yawun kamfani ko ɗan kasuwa, ko ka ce P.R.O ko jami'in hulɗa da jama'a ko ɗan midiya ko ma "yaron nan mai riƙe wa Alhaji fej" duk dai tafiyar ɗaya ce. Ƙannena masu tasowa a harkar suna yawan tambayata, wai Yaya meye amfanin wannan rijistar ta ƙungiyar masu sana'ar da kuke ta cewa a yi, mutum ya biya kuɗi ya zauna jarrabawa don kawai a liƙa masa wasu haruffa a bayan suna, alhali ga wane can bai taɓa shiga ajin koyon abin ba amma mabiyansa sun fi gaban ƙirge kuma manyan mutane layi suke bi a wayarsa? Tambaya ce mai kyau, bazan raina ta ba, don kowa yasan yadda kuɗi yake wuyar samu yanzu. Amma ni dai ina nan a kan bakana, rijistar tana da amfani sosai, kawai dai amfanin ba a inda mutane suke lalubensa yake ba.

Duba yadda garin nan ya koma. Yau da wuya ka samu babban dila a Kantin Kwari ko Singa, ko mai kamfanin roba a Sharada, ko mai fata a Challawa, ko mai asibiti ko makarantar kuɗi, da bashi da wanda yake masa fostin a Facebook da TikTok yana amsa saƙon kwastomomi a WhatsApp. Yawanci kuma ɗan ƙanwarsa ne ko yaron shago da aka lura ya iya waya, shikenan an miƙa masa. Wallahi wasu daga cikin yaran nan suna da basira ta ban mamaki, bidiyon da suke haɗawa da waya ɗaya ni bazan iya ba. Amma abin da Alhaji bai lura ba shine ya ɗauki sunan da ya shekara talatin yana ginawa, wataƙila ma sunan da ya gada daga mahaifinsa, ya danƙa a hannun wanda ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da ake faɗa ga wanda ba a faɗa, ga abin da doka ta hana, ga yadda ake yi ranar da abu ya ɓaci. Muddin kasuwa na tafiya lafiya bazaka ga bambanci ba. Ranar da aka samu matsala ne ake gane waye ya koyi aikin.

Da yawa cikinmu ma basu san sana'ar nan tana da doka a Najeriya ba. Ƙungiyar da ake kira NIPR, wato cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa, an kafa ta tun 1963, Dakta Sam Epelle ne jagoran kafa ta, kuma a 1990 aka yi dokar soja mai lamba 16 da ta bata ikon yiwa masu aikin rijista da tsara musu ƙa'ida da hukunta wanda ya karya. A dokar nan, yin aikin hulɗa da jama'a a matsayin sana'a ba tare da rijista ba laifi ne. Eh nasan ba a cika kama kowa ba, amma dokar tana nan. Kuma kar wani yace abin 'yan kudu ne, ɗan arewa Malam Mukhtar Sirajo ya shugabance ta har zuwa 2023 kafin Dakta Ike Neliaku ya karɓa, kuma tana da reshe a nan Kano. Matakan zama ɗan ƙungiya hawa hawa ne, daga ɗalibi zuwa wanda ya gama karatu, zuwa masu saka haruffan ANIPR a bayan suna, sai MNIPR, sai manya masu FNIPR. Ɓangaren talla kuma nasu daban, da hukumar APCON ce take kula da shi tun 1988, a 2022 aka yi sabuwar doka ta koma ARCON, kuma ita har tallan da ake sakawa a intanet tace sai an kawo ta tantance kafin a saki.

To yanzu me takardar take yi maka?

Bari in fara da abin da bata yi. Bata koya maka daɗin baki. Wanda Allah bai bashi iya tsara zance ba ko satifiket goma ya tara haka zai zauna, kuma na ga masu haruffa a bayan suna da basa iya rubuta sanarwa mai sakin layi biyu da mutumin Kurna zai karanta ya gane. Wannan gaskiya ce, ba sai an ɓoye ba.

Abin da take yi shine abin da duk ɗan kasuwar Kano ya riga ya sani tun kafin boko. In baƙon yaro yazo Kwari yana son a bashi dilar atamfa ya kai ƙauye ya sayar ya kawo kuɗi, ba a tambayarsa ko ya iya ciniki, tambayar farko itace wa ya tsaya masa? Waye ubangidansa, in ya gudu wa za a kama? To rijista da ƙungiyar sana'a kenan. Akwai wasu da suka ce mun san wannan, mun gwada shi, ya sa hannu a kan ƙa'idojinmu, in ya ci amanarka ko ya yiwa jama'a ƙarya da sunanka ga inda zaka kai ƙara, kuma muna da kwamitin ladabtarwa da zai iya cire sunansa. Yaron da ba shi da kowa a bayansa in ya fusata da kai gobe ya canja lambar sirrin fej ɗinka ya tafi da mabiyan da aka tara da kuɗinka, ko ya kwashi sirrin cinikinka ya kai wa abokin hamayyarka a layi na gaba, ina zaka nufa? Sai dai ofishin 'yan sanda ko a tara dattawa, kuma kafin nan ɓarnar ta riga ta faru.

Amma ni abin da yafi min muhimmanci ba ma wannan bane, shine ƙarfin cewa a'a. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan lokacin, maigida ya kira ka ofis ya ce rubuta cewa kayanmu sun fi na wane kuma nasu jabu ne, ko ka ce maganin nan yana warkar da ciwon siga da hawan jini da basir gaba ɗaya, ko ka buɗe wasu asusun bogi ku je ku yi ta zagin wanda ya yi ƙorafi. In kai yaron gida ne kawai wanda aka taimaka aka ba waya, da wane baki zaka ƙi? Cewa za a yi ka fara girman kai, ka manta wanda ya ɗauko ka. Amma in kana da ƙa'idar da ka sa wa hannu sai maganar ta canja, zaka iya rusunawa cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe wannan kam bazai yiwu ba, in na rubuta rijistata ce zata shiga hatsari, kuma kaima hukuma zata iya taso ka, amma ga wata hanyar da zamu faɗi alherin kayanmu ba tare da mun taɓa kowa ba. Kaga ka fita daga sahun yaron aike ka koma mai bada shawara. Kuma abin mamaki, manyan 'yan kasuwa da yawa sun fi girmama wanda ya taɓa ce musu a'a da hujja, don sun san ranar da ya ce musu eh da gaske yake.

Mu musulmi ne, mun san haramcin ƙarya da algus tun muna makarantar allo, ba NIPR ce zata koya mana ba. Amma tsoron Allah a zuciya yake, shi kuma maigida takarda yake gani, don haka idan ka haɗa biyun tsayuwarka tafi ƙarfi.

Na taɓa ganin yadda wani kamfanin abin sha a garin nan ya kusa rushewa a cikin 'yan kwanaki, bazan faɗi suna ba. Wata baiwar Allah ta saka hoto ta ce ta ga wani abu a cikin robar da ta saya wa yaranta. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba a lokacin ba wanda ya sani. Yaron da yake riƙe da fej ɗin, da zuciya ɗaya yana ganin kare ubangidansa yake, ya shiga ƙarƙashin fostin ɗin ya ce mata maƙaryaciya an biya ta ne, ya fara goge maganganun mutane yana toshe su, to ai kun san Kanawa, nan take aka ɗauki hoton maganarsa aka yi ta yaɗawa, abin da da zai tsaya a mutum ɗari ya zaga gari har masu shaguna a unguwanni suka fara cewa a zo a kwashe kayan. Abin da ake bukata a ranar bai fi a kira matar a waya cikin mutunci, a ce Hajiya sannu, ya yaran, a karɓo robar a duba lambar rukunin da aka yi ta, a dakatar da wannan rukunin, sannan a fito a faɗa wa jama'a ga abin da muka yi ga ranar da zamu dawo da sakamako. Wannan ba wata baiwa bace ta musamman, darasi ne da ake koyarwa, kuma duk wanda ya zauna jarrabawar sana'ar ya gamu da shi.

Misalin da ake bayarwa a kusan kowane aji shine na maganin Tylenol a Amurka. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya zuba guba a cikin ƙwayoyin, ba ma laifin kamfanin bane, amma Johnson & Johnson suka janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, suka fito da kansu suka ce wa mutane kar ku sha, sannan suka dawo da sabuwar kwalba mai hatimi wadda in an buɗe za a gane. Sun yi asarar kuɗi mai yawa amma sunan ya tsira, har yau ana sayar da maganin. Kwatanta da abin da ya faru a ƙasar nan a 2023 lokacin da wata mata ta rubuta ra'ayinta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani, maganar ta kai ga 'yan sanda da kotu, kuma mutanen da basu taɓa jin sunan tumatirin ba suka ji shi ta hanyar da ba mai kamfanin da zai so.

Mu a Kano ma bama bukatar zuwa Amurka neman darasi. Ku tuna rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a jihar nan saboda jita jitar da ta yaɗu, ba a dawo ba sai 2004, kuma masu kawo abin daga waje suna ta mamaki ga fosta ga sanarwa a rediyo me yasa mutane suka ƙi? Sun manta mutanen garin nan basu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. Abin bai daidaita sosai ba sai da aka koma ta hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, mutanen da jama'a suka yarda da bakinsu. Abu na farko da ake koya wa mai wannan sana'a kenan, kafin ka buɗe baki ka bincika su waye kake yiwa magana, me ya taɓa faruwa da su, wa suke saurara. Mai ƙirga mabiya da laik bai san wannan ba, shi a wajensa in fostin ya zaga to aiki ya yi.

Sai kuma maganar dokoki, wadda zan bi da sauri don ba mai daɗin ji bace. Tallan magani da abinci sai da amincewar NAFDAC. Akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda zata iya bin ka a kan tallan yaudara. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wato lambobin wayar kwastomomin nan da ake tarawa a raba wa abokai ko a jefa mutum cikin guruf ba da izininsa ba, yanzu abu ne da zai iya jawo tara. Ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yiwa gyara a 2024. Duk waɗannan suna canjawa, shi yasa ƙungiya take tilasta wa 'ya'yanta halartar bita lokaci lokaci. Wanda yake shi kaɗai da wayarsa sai takardar sammaci ta iso sannan zai ji labari.

Wasu zasu ce ai na yi digiri a Mass Comm a BUK, me kuma ya rage? Digiri abu ne mai kyau, kuma BUK tana cikin wuraren da suka fi ƙarfi a fannin sadarwa a ƙasar nan, har tsangaya guda suke da ita, kuma tun 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta rarraba kwas ɗin yadda hulɗa da jama'a zai iya zama digiri mai zaman kansa. Amma digiri shaidar ka yi karatu ne a wani lokaci da ya wuce, in ka karɓa ba wanda zai sake tambayarka yadda kake aiki da shi. Rijista kuwa duk shekara ake sabuntawa kuma ana iya ƙwacewa, wannan iya ƙwacewar shine darajarta.

Akwai kuma na ƙasashen waje ga mai hali. Ƙungiyar IABC ta masu sadarwar kasuwanci ta duniya, wadda aka kafa a 1970, ta daɗe tana bada shaidar ABC, daga baya aka koma tsarin CMP da SCMP wanda sai ka yi shekaru kana aikin kafin ma a barka ka zauna jarrabawar. A Amurka akwai shaidar APR ta ƙungiyar PRSA tun 1964, a Ingila akwai ƙungiyar CIPR. In burinka aiki da bankuna ko kamfanonin sadarwa ko ƙungiyoyin agaji na duniya to suna buɗe ƙofa, babu shakka. Amma da kuɗin ƙasashen waje ake biya, kuma ni shawarata ga yaron da yake aiki tsakanin Bompai da Sabon Gari ya fara da ta gida wadda doka ta sani, ta waje ta biyo baya in Allah ya hore.

Yanzu bari in juyo kan namu manyan, don suma akwai laifinsu a wannan rainin da ake yiwa rijista. Kusan komai na ƙungiyar da Turanci ake yi, jarrabawa, bita, taro a otal da kwat da babbar riga, alhali cinikin Kano da Hausa ake yinsa. Mutumin da zai sayi takin zamani ko shinkafa ko maganin sauro a Freedom Radio ko Rediyon Kano yake jin tallan, da Hausa, a shagon mai shayi ko a cikin adaidaita. Sau nawa muka ji talla da aka rubuta a Legas aka juyo ta kalma da kalma ta fito wata iri, ba Hausa ba ba Turanci ba? Ya kamata iya tsara saƙo da Hausa mai kyau ya zama abin da ake gwadawa ake bada maki a kai, ba wai abin da ake ɗauka kowa ya iya tunda a nan aka haife shi ba. Kuma mata, yanzu kasuwancin intanet a garin nan kusan a hannunsu yake, masu turaren wuta da atamfa da kayan kicin da abinci, kowacce ita ce kakakin kanta, amma ban ga ana nemansu da wata bita a lokacin da ya dace da su da kuɗin da zasu iya ba.

Sannan ga sojojin baka. Ba yadda za a yi a yi maganar nan a Kano a tsallake su, don su ne hujjar da yara suke kawo min, Yaya ga wanda yake shiga rediyo da daddare ya yi ta yabon wane yana sukar wane ya sayi mota ya gina gida, kai da takardarka fa? Gaskiya ne wasunsu suna samu. Amma ka lura da kyau, yau yana gidan wannan gobe yana gidan wancan, kuma jama'a suna sauraronsa ne don nishaɗi ba don sun gaskata shi ba. Siyasa zata iya ɗaukar wannan tunda zaɓe duk shekara huɗu ne, ɗan kasuwa kuwa kullum ake zaɓensa, duk safiya mace tana tsaye a gaban kanti tana yanke shawarar wane omo ko wane man gyaɗa zata ɗauka. In bakin da yake magana da yawunka an san shi da sayuwa to duk abin da ya faɗa a kan kayanka ragi ake yi masa.

Ga masu kamfani kuma, Alhazai da Hajiyoyinmu, ban ce ku kori 'ya'yan 'yan uwanku ba, a'a, wanda yake riƙe da fej ɗin nan ya riga ya san kayanku ya san kwastomominku, kuma yana ƙaunarku. Ku tura shi ya yi kwas ɗin, ku biya masa kuɗin rijista kamar yadda kuke biyan kuɗin sabunta takardun mota, ku rubuta yarjejeniya ko shafi ɗaya ce a kan cewa fej ɗin da lambobin kwastomomi mallakar kamfani ne, kuma ku zauna da shi tun yanzu ku tsara wa zai yi magana ranar da aka samu matsala da wa za a fara kira. In kuma sabon mutum zaku ɗauka, bayan kun ga bidiyoyinsa masu kyau ku ce ya kawo lambar rijistarsa, ku sa a kira reshen ƙungiyar na Kano a tabbatar sunansa yana nan kuma ya sabunta ta bana.